An tura ni ofishin wasanni na ƙaramar hukuma, wai mene ne ainihin aikina?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah masu ba'a a ɗan saurara mini tukuna. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da motsa jiki a firamare, sai ga takardar canjin wurin aiki wancan makon. An mayar da ni sakatariyar ƙaramar hukumarmu a matsayin jami'in wasanni da nishaɗin matasa, ƙarƙashin sashen ilimi da walwalar jama'a. Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumar ba, amma tana cikin ƙwaryar birnin Kano.

Ranar Litinin na kama aiki. Abin da na tarar a ofis: tebur ɗaya, kujera mai rawa, kofuna biyu da tsatsa ta ci, sai wani buhu cike da tsofaffin rigunan ƙwallo da ɓera ya yi wa ado. Wanda na gada ya yi ritaya, ko takarda ɗaya bai bari ba. Na tambayi shugaban sashe me ake so in riƙa yi kullum, ya ce in kwantar da hankalina, idan lokacin kofin ciyaman ya zo za a neme ni. To ni ban iya zaman jiran albashi ba. Waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan kujera, ko suka san yadda ake yinta a wasu wurare, mene ne aikin? Daga ina zan fara?

Dan_Kurmi:
Barka da arziki Malam. Aikinka uku ne: karɓar albashi, riƙe wa ciyaman kofi ranar wasan ƙarshe har ya gama jawabi, da sanin ƙofar da za ka bi idan faɗa ya kaure.

Abban_Sadiq:
Na san da kai za a fara. Allah ya shirye ka.

Tsohon_Akawu:
Wa'alaikumus salam ɗana. Shekara 35 na yi a aikin ƙaramar hukuma, mafi yawansu a sashen kuɗi, kuma jami'an wasanni da dama sun wuce ta gaban teburina. Bari in gaya maka abin da ke kayar da su.

Na farko, ba su san lokacin kasafi ba. Mutum zai zauna shekara guda bai ce komai ba, sai ana saura sati biyu hutun dogon zango ya shigo da gudu wai yana son shirya gasar yara. In tambaye shi a wane layi na kasafi za a ciri kuɗin, sai ya tsaya yana kallona. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana haɗa kasafin baɗi ne tun kafin bana ta ƙare, kowane sashe ya kawo buƙatunsa a rubuce. Abin da ba ka shigar a lokacin ba, ko ciyaman ɗan uwanka ne sai an yi dabara kafin a biya shi, kuma dabarar nan ita ce ke kai mutum gaban masu bincike.

Na biyu, takarda. Duk abin da kake so ka rubuta shi, ya bi ta hannun shugaban sashenka, ya shiga fayil, ka riƙe kwafi. Idan an ba ka kuɗin gudanar da wani abu, to ka tara rasit ɗin komai, har na ruwan leda da na farar ƙasar shata fili, ka maido da bayani cikin lokaci. Na ga mutumin kirki da aka riƙa yankar albashinsa wata da watanni saboda ya raba wa alƙalan wasa kuɗi a bakin fili bai sa sun sa hannu ba.

Na uku, wannan buhun da kofunan da kake rainawa, ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, mai kula da sito ya sa hannu. Kada wata rana a ce ƙwallaye hamsin ka gada.

KociMaiUsur:
Baba Akawu ya faɗi na ofis, ni bari in faɗi na rana. Shekara goma sha shida ina horar da yara 'yan ƙasa da sha biyar, ba wanda ke biyana ko sisi. Malam, in kana son ka san aikinka, fito daga ofishin nan ka zo fili da ƙarfe huɗu da rabi na yamma.

Filin firamaren da muke atisaye, kulob bakwai ne a kansa. Ga masu koyon mota da ke shigowa su ɓata mana shi da taya, ga masu biki da ke kafa rumfa su tafi su bar mana ƙusoshi da fasassun kwalabe, ga masu taron siyasa, ga mai gadi da ke karɓar na goro a hannun kowa ya yi wa mutum uku alƙawarin rana ɗaya. Yawancin faɗan da kuke ji wai tsakanin unguwa da unguwa, daga rigimar wa zai buga da yamma yake farawa. Abin da muke nema a wajen jami'in wasanni bai wuce jadawali ba: wane kulob, wace rana, wane lokaci, a manna a ofishin hedimasta, mai unguwa ya sani, kowa ya sa hannu. Wallahi in ka yi wannan kaɗai, ka fi wanda ya raba kofi goma.

Mu ba ma ganin jami'in wasanni sai an zo zaɓen yaran da za su wakilci ƙaramar hukuma. A ranar zai zo da jerin sunaye a aljihu, rabinsu 'ya'yan abokai.

Abban_Sadiq:
Koci na gode. Ana yi wa kulob-kulob ɗin nan rajista a wani wuri kuwa? Ko kowa gaban kansa yake yi?

KociMaiUsur:
Masu shiga gasar hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha suna da rajista a can. Ƙananan na lungu kuwa babu wanda ya san adadinsu. Ka buɗe littafi: sunan kulob, koci, filin da suke atisaye, yawan yara, da lambar wani dattijo da ya tsaya musu. Kada dai ka sa kuɗin rajista tun farko, guduwa za su yi.

Bakano_a_Amurka:
Wannan magana ta taɓa ni, don na yi aikin wucin gadi zango biyu na bazara a sashen shaƙatawa da wuraren hutawa na birnin Kolombus a jihar Ohayo, kuma wadda take sama da ni irin wannan muƙamin naka take riƙe da shi. Bari in ba da labarin yadda nata yake, ba don in ce a kwafa ba.

Ita ba koci ba ce, ban taɓa ganin ta hura usur ba. Tun ana sanyi take zaune tana tsara abin da za a yi da bazara: ajin ninkaya, ƙwallon kwando, zane-zane, motsa jikin tsofaffi, da sansanin yini na yara lokacin da makarantu ke hutu iyaye kuma suna wurin aiki. Kowane shiri sai ta fitar da lissafinsa: mutum nawa zai ɗauka, ma'aikaci nawa ake buƙata, wane ɗaki ko fili, nawa za a biya, nawa birni zai cika. Iyaye ta intanet suke yin rajista, wanda ba shi da hali akwai rangwame. Ita ke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi irinmu, yawanci ɗalibai, kuma ba za ka kusanci yaran mutane ba sai an binciki tarihinka a wajen hukuma, an kuma koya maka taimakon gaggawa da yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Ko gwiwa yaro ya ƙuje sai an cike takarda, an rubuta lokaci da abin da aka yi, an sanar da iyayensa. Idan aka ji tsawa kowa zai fita daga ruwa da fili, sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. Akwai ma abincin rana kyauta da ake ba yara a cibiyoyin lokacin hutu, daga wani shirin gwamnatin tarayya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen zango. Sai ta zauna ta ƙirga: ajin kaza mutum nawa suka yi rajista, nawa suka kai ƙarshe. Wanda ba ya samun jama'a a soke shi, ko da ita ta ƙirƙiro shi. Kofi kuwa shi ne abu na ƙarshe da ake tunawa.

Dan_Kurmi:
Su Alhaji an fara. Mutum na maganar kujera mai rawa kana kawo masa wurin ninkaya. Namu wurin ninkayar kududdufi ne, kuma shi ma an cike an yanka filaye.

Bakano_a_Amurka:
Ai na ce ba don a kwafa ba. Amma cike takarda idan yaro ya ji ciwo, da sanin wa ka damƙa wa yaran mutane, ba sa buƙatar dala ko ɗaya.

Barista_Zee:
Bari in ɗan sa baki ta fuskar doka. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci ginawa da kula da wuraren shaƙatawa, lambuna da sararin fili a sahu ɗaya da hanyoyi, fitilun titi da magudanan ruwa. Ke nan ba alfarma ba ce ciyaman yake yi idan ya gyara fili, aikinsa ne kamar yashe kwata. Malam, ka riƙa kafa hujja da wannan a takardunka, yana sa a ɗan ji nauyin watsar da su.

Tsohon_Akawu:
Barista, gaskiya ne, amma ki ƙara musu da ɗaya ɓangaren. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, ƙaramar hukuma na karkara take da iko da su. Shi kuma a ƙwaryar birni yake. Don haka idan aka wayi gari an kafa fegi a filin ƙwallo, takardar ba daga sakatariyarsu ta fito ba, kuma ba shi da ikon cewa a tsaya. Iyakarsa ya rubuta, ya kai wa ciyaman, ciyaman ya rubuta wa ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane.

Barista_Zee:
Haka ne Baba, na karɓi gyara. Shi ya sa ma ya kamata ya san matsayin kowane fili tun ba a zo ba: na makaranta ne, na Idi ne, wanda aka ware a taswirar unguwa ne, ko kuwa na wani ne da bai tashi gini ba. Mutane kan yi shekara ashirin suna buga ƙwallo a filin wani, ranar da mai shi ya kawo bulo sai a ce an ƙwace filin al'umma. Ihu bayan hari ke nan.

Maman_Ilham:
Tun ɗazu nake karantawa, fili, ƙwallo, kofi, koci. Malam Abban Sadiq, a takardar taka an rubuta jami'in samari ne? 'Ya'yana mata uku, daga makaranta sai islamiyya sai waya. Mu da muka tashi muna gaɗa a dandali da 'yar carafke da tsallen igiya, yau ko ƙofar gida ba ta da sararin da yarinya za ta yi tsalle saboda babura da shaguna. Ni kaina likita ya ce in riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini da suga. In bi ina? Bakin titi 'yan adaidaita su kwashe ni?

Akwai makarantun mata masu katanga da ke zama a kulle tun daga tashi har washegari, Asabar da Lahadi ma haka. Me zai hana a nemi izini a buɗe ɗaya da safiyar Asabar, mata zalla, mace a bakin ƙofa, malamar motsa jiki mace? Ko kuɗi kaɗan aka sa za mu biya.

Abu_Huzaifa:
Hajiya, a yi hattara dai. Da haka ake farawa, gobe a ce 'yan mata su sa gajeren wando su fito gaban maza. Ni ko na mazan ma ina da ƙorafi. Ana kiran magariba yara na fili, alƙali na ƙara lokaci, a zo bugun fanareti har duhu. Duk jami'in da zai yi jadawali ya fara da lokutan salla.

Maman_Ilham:
Malam, karanta abin da na rubuta da kyau. Katanga na ce, mata zalla na ce. Ko hawan jini ma sai ya nemi izini kafin ya kama mace?

Bakano_a_Amurka:
Abin da Hajiya ta faɗa ana yinsa har a nan. A wasu garuruwan da Musulmi ke da yawa an ware wa mata sa'o'insu na ninkaya, a rufe tagogi, masu tsaron ma mata. Matan ne suka je suka nema, mai tsara shirin ya duba jadawali ya sama musu gurbi.

KociMaiUsur:
Maganar magariba kuwa Malam Abu Huzaifa ya yi gaskiya, kuma laifinmu ne. A rubuta wasa ƙarfe huɗu, kulob ya iso biyar saura. Maganinsa a dokar gasa yake: minti goma sha biyar ba ku iso ba an ba abokan karawarku wasa. Sau ɗaya za a yi wa kulob ɗin wani babba haka kowa ya shiga taitayinsa.

Dan_Maradi:
Sannunku 'yan uwa. Ni mamaki nike yadda kuka maida wasa ƙwallo ɗai. Nan Nijar kokowa ita ce sarauniya. Tun 1975 aka fara gasar takobi, wato kokowar ƙasa da ake ba zakara takobi, a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, shi ya sa filin kokowarmu ke da sunanshi. Jihohi takwas ke karawa, ana zagayawa da ita gari-gari. Amma abin da ba a gani a talabijin shi ne aikin da ake yi tun daga ƙasa. Kafin a kai ga 'yan kokowar jiha sai an yi zaɓe tun daga ƙauyuka da unguwanni, kuma ma'aikatan matasa da wasanni su ke bin wannan tare da sarakunan kokowa da magajin gari. Muna da gidajen matasa da al'adu a garuruwa, inda ake wasan kwaikwayo da karatu da taro, wasu na aiki wasu sun zama wurin haya na biki. Zamanin Kunce kuwa samariya ke riƙe da wannan duka, kowace unguwa da sarkin samarinta.

Shawarata, Malam, ka nemi masu abin tun asali. Kokowa da langa ba su son raga, ba su son takalmi. Yashi da makaɗi, shi ke nan.

Dan_Kurmi:
Langa! Rabona da ita tun ina aji huɗu. Ni ne kullum ruwa saboda ba ni da nauyi, dawakai na kare ni ina tsalle da ƙafa ɗaya har in sha. Yaran yanzu ka ce su riƙe ƙafa minti ɗaya sai asibiti.

Abban_Sadiq:
Ɗan Maraɗi ka tuna mini. Langa da dambe da kokowa duk suna cikin gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka faro a Legas a 1973, ana cin lambobi da su kamar kowane wasa. Langa zan iya sawa tsakanin firamare da firamare ba tare da kashe komai ba. Dambe ne nake tsoro. Wanda ake yi a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari na manya ne da suka san kansu, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, da masu rabiya. Ban ga yadda zan sa yaran mutane su naɗe hannu da sunan hukuma ba.

Nas_Hauwa:
Gara da ka ji tsoron. Ni a ɗakin agajin gaggawa nake aiki, kuma na san ranakun da ake gasar unguwa ba sai an gaya mini ba. Karaya, targaɗe, fashewar kai, wani lokaci sara. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake kawo su. Yaro ya faɗi a kan wuyansa, a ɗauke shi kamar buhu a ɗora a babur. Wani ya suma saboda zafi a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, an sa wasa ƙarfe biyu don manyan baƙi na da wani taron da yamma.

Kada ka yarda a buga wasan da sunanka ke kai sai da akwatin taimakon gaggawa, ruwan sha, mutum ɗaya da aka horar, da abin hawa a tsaye. 'Yan Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini suna da horo, kuma in ka rubuta musu da wuri suna zuwa. Ka je asibitin da ya fi kusa ka gaya musu ranakun. Sannan takardar amincewar iyaye ba ƙyale-ƙyale ba ce. A nan za ka san mai asma da mai sikila da mai farfaɗiya kafin ka sa shi gudu.

Gunner_Na_Hotoro:
Duk wannan dogon turanci ne. A bar 'yan kasuwa su yi. Ahmed Musa ya buɗe cibiyarsa a Hotoro tun 2017, ga filayen roba na haya ko'ina cikin gari, ka biya ka buga awa ɗaya har da fitila. Me ƙaramar hukuma ta taɓa gyarawa?

KociMaiUsur:
Kai da kake da albashi. Yarana wasu da silifas suke zuwa, takalmi ɗaya mutum biyu ke karɓa-karɓa. Su tara kuɗin awa ɗaya a filin roba? Kuma manyan 'yan wasan da kuke tafa wa, a filin ƙasa aka fara ganinsu. Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta jera 2012, 2013 da 2014, ka tambaya a ina yawancin 'yan Kano da suka sa rigar suka koyi ƙwallo in ba irin su filin Mahaha da filayen makarantu ba.

Gunner_Na_Hotoro:
To tun 2014 fa? Sai kofin ƙalubale na 2019. Shi ya sa muka koma gidan kallo.

Dan_Kurmi:
Ɗan Arsenal ne ke yi wa wani gorin daɗewa ba kofi? Ikon Allah.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, maganar Turai a kai ta can zauren ƙwallo. A koma kan tambayar Malam.

MaiKekenHannu:
Tunda an dawo, ni ma ga nawa. Shan inna ta kama ni ina shekara uku. Ƙwallon guragu da muke bugawa a kan katako mai taya, da hannu, a nan ƙasar aka ƙirƙiro ta, Misbahu Lawan Didi ɗan Kano ne ya faro ta a 1988. Ba ciyawa muke so ba, siminti mai santsi muke nema, irin filin ƙwallon kwando ko na hannu. Sau nawa muna zuwa a ce masu ƙafa sun riga mu. An sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci tun Janairun 2019, amma har yau sai an ɗauke ni an haura da ni matakala kafin in ga jami'in da ya kamata ya ba ni fili. Malam, in za ka yi jadawalin da Koci ya ce, ka sa mu a ciki da rana da lokaci, ba sai ranar nakasassu ta duniya a kira mu a ɗauki hoto ba.

Abban_Sadiq:
In sha Allahu. Ofishina a ƙasa yake, amma akwai dakali biyu a ƙofa, yau na lura da su da ka faɗa. Turo mini lambarka ta akwatin sirri.

Tsohon_Akawu:
Ina jin daɗin shawarwarin nan, sai dai ina tausaya wa yaron nan. Kun ɗora masa mata, guragu, langa, asibiti, rajista, taswira, shi kaɗai da kujera mai rawa. Ku tuna kuɗin ƙananan hukumomi 774 ta asusun haɗin gwiwa da jiha suka saba bi, abin da ke isowa bayan albashi kowa ya sani. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, amma hukunci daban, abin da ma'aji ya gani a asusu daban. Kuma ko kuɗin sun zo, wasanni ne na ƙarshe a layi, sai in zaɓe ya matso.

Ɗana, zaɓi abu biyu ka yi su da kyau a shekarar farko. Kuma kada ka raina kofin ciyaman. Shi ne kaɗai abin da suke sakin kuɗi a kansa, to ka cusa abubuwanka a cikinsa: akwatin magani, horar da alƙalai, gyaran raga, wasan langa kafin a take na ƙarshe. Kayan da suka rage bayan gasa su ne jarinka na shekara.

KociMaiUsur:
Baba, a nan kam ban bi ka ba. Kofin ciyaman shi ne ya lalata mana yara. A ce 'yan ƙasa da sha bakwai, a kawo mai 'ya'ya biyu ya aske gemu. Kansila na son mazaɓarsa ta ci ko ta halin ƙaƙa, a ɗauko haya daga wata jiha, a zo da 'yan daba a bayan raga. Tun 2009 da aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a nan Najeriya, har Kano ta karɓi wasanni a filin Sani Abacha, FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Mu ba mu da wannan na'ura, amma muna da rajistar makaranta da malaman da suka san yaran. Gasar Ramat da ake yi a Kano duk Fabrairu don tunawa da Janar Murtala ta yara ce, a irinta ake son a ga yaranmu, to ta yaya za a gan su in tun daga mazaɓa ƙatti sun cinye gurbin?

Tsohon_Akawu:
Ban ce gasar tana da tsabta ba, cewa na yi a nan kuɗin yake. In ya ƙi ta, wani za a ba, shi kuma a mayar da shi aji.

Barista_Zee:
Ku biyun kuna iya haɗuwa a takarda ɗaya. Ya rubuta dokokin gasa tun kafin a raba riguna, ciyaman da kansiloli su sa hannu, DPO da hakimi su samu kwafi. Ba zai hana maguɗi duka ba, amma ranar da rigima ta tashi ba shi kaɗai za a tsayar ba.

Abban_Sadiq:
Salam, na dawo da rahoto bayan sati biyu. Na bi mazaɓu a babur da littafi kamar yadda Koci da Barista suka ce. Na samu wurare goma sha tara da ake buga wani abu, goma sha ɗaya na makarantu ne, biyu filin Idi, sauran ba wanda ya iya gaya mini na wane ne. Kulob arba'in da uku suka rubuta suna, har da na su MaiKekenHannu. Shugabar wata makarantar mata ta ce ba ta ƙi maganar Asabar ba, amma sai na kawo takarda daga sama, na rubuta, tana kan teburin shugaban sashe. Hajiya a ƙara haƙuri.

Jiya kuma aka kira ni, wai in kawo lissafin kofin ciyaman kafin Juma'a, za a yi shi da wuri bana. Na sa akwatin magani da langa a ciki, Baba Akawu, za mu ga abin da zai tsira. Sai dai ɗaya daga filayen nan da ba a san mai su ba, wanda kulob huɗu ke amfani da shi, da na koma shekaranjiya na tarar an sauke yashi tifa biyu a daidai tsakiya.

Maman_Ilham:
Muna jira Malam. Mun kai mu goma sha huɗu a unguwarmu, har da surukata.

KociMaiUsur:
Wanne ne a ciki? In mai bishiyar darbejiya a bayan raga ne, kira ni yanzu, na san wanda za a tambaya.